Tsako ba ya son ungozoma mai gaggawa



Akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ya shigo ƙauyukanmu. Wani na aiki da lantarki, wani da hasken rana da batir, wani kuma da fitilar kananzir. Abu ne mai kyau. Kaza ɗaya ƙwai 10 ko 12 take kwanci a kai, ƙaramin akwati kuwa na ɗaukar 50 ko fiye. Amma wata ɗabi'a ta biyo akwatin. Kwana 21 sun cika, wasu ƙwai sun ƙyanƙyashe, wasu shiru. Sai mai akwati ya buɗe murfi, ya shiga ɓare ƙwai da farce, wai taimako yake yi. A ganinmu, ɓarnar wannan taimako ta fi amfaninsa.

Da farko, ɗan'uwa, ka tabbata lissafinka daidai ne? Ranar da ka sa ƙwai ba ta cikin ƙirga. In ka sa ƙwan kaza ran Litinin da marece, sai Litinin ta uku da marece kwana 21 za su cika. Ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi. Na agwagwa irin ta gida, mai jar fuska, sai ya kai 35. Wanda ya gama ƙwan kaza da na zabo a akwati ɗaya bai rubuta komai ba, shi ke cewa tsaki sun makara, alhali lokacinsu ne bai yi ba.

Ga abin da ke gudana cikin ƙwai. Wajen kwana 19 zuwa 20, tsako na huda tantani, ya sa bakinsa cikin gurbin iskar da ke gefen ƙwai mai faɗi, ya fara numfashi. Daga nan ya huda ɓawo, ƴar ƙofa kamar ƙwayar dawa. Sai ya tsaya. Yana iya yin awa 12, har 24, bai ƙara komai ba. Kai kana ganin ya gaji. A'a, aiki yake yi. A lokacin ne cikinsa ke janye sauran gwaiduwa, cibiyarsa na rufewa, jinin da ke cikin jijiyoyin tantani na komawa jikinsa. In ka ɓare ƙwan a wannan lokaci, jijiya za ka yanka, jini ya zuba. Ko kuwa ka fiddo shi da cibiya buɗe, ƙazanta ta shiga, ya mutu bayan kwana biyu ko uku.

Buɗe murfin kansa ma ɓarna ne. Daga kwana 18 ake daina juya ƙwan kaza, a ƙara ruwa a tasa, a rufe akwati. Laimar da ake so a waɗannan kwanaki uku ita ce kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Ka san iskar hunturu a ƙasar Maraɗi: rigar da aka shanya da safe ta bushe kafin a gama shan kunu. Duk sa'ad da ka ɗaga murfi don ka ciro tsako ɗaya, wannan iskar ta shiga, tantanin sauran ƙwai da suka huda ya bushe, ya manne musu a jiki. Kai ka ɗaure su da hannunka ke nan. Waɗanda suka riga suka fito, ƙyale su su bushe a ciki. Gwaiduwar cikinsu na riƙe su kwana biyu ba ci ba sha.

Mafi yawan makara ba ranar 21 take farawa ba. Ko dai zafi ya gaza, ko ƙwai ya tsufa kafin a sa shi. Akwati mai fanka digiri 37 da rabi yake so. Wanda ba fanka, 38 da rabi zuwa 39, in an auna daidai saman ƙwai. Digiri ɗaya kawai ya ragu tsawon kwanaki, sai ƙyanƙyasa ta ja baya da kwana ɗaya ko fiye. Lokacin ɗari, in hazo ya rufe rana, batir ba ya cika, da asuba akwati ya huce kana barci. Da bazara kuma akasin haka: ɗakin kwano ya wuce digiri 40, akwati bai iya sanyaya kansa, tsaki su fito da wuri ba ƙarfi, ko su mutu a ciki. Game da ƙwai, kada ya wuce kwana 7 a ajiye. A sa shi wuri mai sanyi kusa da randa, tsinin na kallon ƙasa. Ƙwan zabin da ake tarawa da damana a kai kasuwa, wa ya san ranar da aka saka kowane?

Nan ne karatun da ka yi a ajin yaƙi da jahilci zai biya ka. Rubuta kwanan wata da fensir a bayan kowane ƙwai. Sami ɗan littafi, ka rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna da asuba, da azahar, da dare. Mutanen Masar sun fi shekara 2000 suna ƙyanƙyasar ƙwai cikin ɗakunan laka, gwanayensu na ɗora ƙwai a fatar ido su ji zafinsa. Su gado ne wurinsu. Mu da muka fara jiya, ma'auni da littafi ne idonmu.

Wani zai ce: to, sai in zuba ido kuɗina su mutu? Ba mu ce haka ba. Akwai tsakon da ya cancanci a sa masa hannu: wanda ya huda ɓawo ya wuce awa 24 bai ci gaba ba, yana kuka, tantanin kuma ya bushe ya yi kalar ƙasa. Wanke hannu da sabulu. Ciro ƙwan maza ka rufe murfi. Jiƙa tantanin da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi, amma kada ruwa ya shiga hancinsa. Duba da kyau. In ka ga jajayen jijiyoyi, lokaci bai yi ba, mai da shi. In babu, ɓare ɓawo kaɗan-kaɗan daga wurin bakinsa, kana kewaya gefen mai faɗi. Jini ya fito? Tsaya nan, mai da shi akwati, ka ba shi kamar awa 6. Hular ƙwan kawai za ka cire. Kada ka ja shi, bari ya tura kansa ya fito. Ka kuma sani, ba duk wanda aka taimaka ke rayuwa ba.

Ƙwan kazar da bai huda ba har kwana 23, haska shi da tocila cikin duhu, ka kara a kunne. Ba motsi ba kuka, bara-gurbi ne, ran 24 ka fid da shi. Fasa su nesa da kaji, ka rubuta abin da ka gani: nawa ba komai ciki, nawa suka mutu tun suna ƙanana, nawa suka cika suka mutu. In ba komai ciki, zakara za a bincika. In sun cika suka mutu, laima da iska da zafin akwati za a duba. Binne su, wanke akwatin, ka kai littafin wa ma'aikacin kiwo na Gangara ko na Gazawa ku duba tare kafin ka sake sa wasu ƙwai.