Baƙon da ke jiran iska a Mindelo

Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ke busawa a ƙasar Hausa, iskar arewa maso gabas ba ta tsayawa a gaɓar Senegal. Tana zarcewa cikin tekun Atlantika, wani lokaci har da hazon Sahara, ta isa tsibiran Cape Verde. A daidai wannan lokaci ne mashigin Porto Grande da ke garin Mindelo, a tsibirin São Vicente, ke cika da ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska. Masu su galibi Turawa ne da suka gangaro daga tsibiran Kanari, suna shirin tsallakawa zuwa Karebiyan, tafiyar sama da mil 2,000 da kan ci mako biyu ko uku ba a ga tudu ba. Mindelo zango ne na ƙarshe. Da yawa sukan zo da niyyar kwana uku, sai gyaran jirgi ko jiran iska ko daɗin garin ya riƙe su wata guda. A ganina, wannan baƙo mai jinkiri ya fi wa ƙaramin gari amfani fiye da ɗan yawon buɗe idon da hukumomi suka fi zawarci.

A duba tsibiran Sal da Boa Vista na Cape Verde, inda manyan otal-otal suke. Baƙo kan biya kuɗin jirgin sama da ɗaki da abinci tun yana Turai, ya sauka, ya shige cikin katanga, ya fito bayan mako guda ba tare da ya san farashin tumatir a kasuwar garin ba. Kaso mai tsoka na kuɗinsa bai ma taɓa shigowa ƙasar ba. Matuƙin jirgin iska kuwa ba shi da wannan gata. Dole ya shiga kasuwar kifi, ya sayi kayan lambun da ake kawowa daga tsibirin Santo Antão mai maƙwabtaka, ya nemi mai walda, da mai ɗinke ƙyallen jirgi, da mai wanki, da mai cika tukunyar gas. Da dare ya zauna inda ake rera morna, salon waƙar da Cesária Évora, 'yar garin, ta kai wa duniya. Kuɗinsa kaɗan-kaɗan yake fita, amma hannun talaka yake shiga. Duk wanda ya san yadda ayarin fatake ke raya zango, daga mai masauki har mai sayar da harawa, ya san irin wannan ciniki.

Za a ce ai matuƙan nan marowata ne: a jirginsu suke kwana, a jirginsu suke girki. Haka ne, kuma ba wanda zai ce su kaɗai za su ɗauki nauyin gari mai mutum kusan 70,000. Sai dai ba su buƙatar a share musu gaɓar teku a gina katanga, ba a haƙa musu tafkin ninƙaya a tsibirin da sai an tace ruwan teku kafin a sha.

Sukar da ta fi nauyi daga tarihin garin ta fito. Mindelo ta bunƙasa ne a ƙarni na 19, sa'ad da kamfanonin Ingila suka mayar da ita ma'ajiyar kwal ga jiragen da ke zuwa Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu. Da Las Palmas da Dakar suka gyara tashoshinsu, man fetur kuma ya maye gurbin kwal, sai jiragen suka daina tsayawa, 'yan dako suka rasa aiki, mutane suka watsu ci-rani. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, kuma Mindelo ta taɓa ganin raɓar ta bushe. To me zai sa ta sake jingina da masu wucewa? Amsar ita ce, kwal ɗin daga Birtaniya ake kawo shi, kamfanonin na Turawa ne, abin da ɗan gari ya samu bai wuce ladan ɗaukar kaya ba. Abin da matuƙi ke saya a yau ƙwarewa ce: gyaran inji, haɗa wayar lantarki, ɗinki, walda. Wannan ba ya bin baƙo idan ya tafi, kuma masuncin garin ma yana buƙatarsa. Sannan jirgin kwal yana iya sauya tasha idan ya samu rahusa, amma iskar da ke kai mutum Karebiyan ba ta sauya hanya don farashi.

Inda nake da ja shi ne kirarin da ake bugawa a riguna ana sayar wa baƙi, wai ƙasa ce da babu damuwa. Natsuwar da baƙo ke sha a bakin teku wani ne ke ɗauke da nauyinta. Cape Verde ta sha fari da yunwar da suka kashe dubban mutane a shekarun 1940, kuma 'ya'yanta da ke waje sun fi na gida yawa. Saboda haka bai kamata gari ya ji kunyar karɓar kuɗin tsayawa a mashiginsa da na ruwa da na shara ba, ya kuma ware wani kaso don aikin ceto a teku. Domin iskar da ke cika ƙyallen jirgin Bature ita ce ke kauce da kwale-kwalen matasan Afirka ta Yamma masu neman isa Kanari. A watan Agustan 2023 an tsinci wani kwale-kwale kusa da tsibirin Sal, wanda ya bar ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum kimanin 100 fiye da wata guda kafin nan. Mutum 38 aka samu da rai.