Idan Manomi Ya Nakasa, Ƙofar Wa Zai Ƙwanƙwasa?

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Dokar ta yi maganar gyara gine-gine, da ilimi kyauta har sakandare, da ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Madalla. Sai dai duk wannan na mai sauran ƙarfin fita ne. Wanda ciwo ya kwantar gaba ɗaya, dokar ba ta yanka masa ko sisi a wata ba.

Diyya akwai ta, amma ga wa? Dokar 2010 da hukumar NSITF ke aiwatarwa tana biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, da kuɗin da masu ɗaukar ma'aikata ke zubawa, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Mai asusun fansho ma, idan likitoci suka tabbatar ba zai iya aiki ba, zai iya taɓa kuɗinsa tun bai kai shekara 50 ba. To, a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa na jihar Kano, mutum nawa ne ke da takardar ɗaukar aiki? Mai haƙar kuza a Riruwai da rami ya rufta wa, mai noman rani a bakin Tiga da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ɗan acaɓan da mota ta take a Kwanar Ɗangora: ba wanda ya taɓa zuba musu kashi ɗayan nan. A sayar da akuya, a jinginar da gona, a kai shi wajen mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala, daga nan sai "Allah Ya ba da lafiya". Nauyin kuwa kan matarsa yake komawa, da yaran da za a cire daga makaranta.

Za a ce ai akwai rajistar talakawa ta ƙasa da tallafin da ake turawa ta banki. Wannan tallafin talauci ne, yau akwai gobe babu, kuma sai da NIN da asusu. Mai lafiya ma da ƙyar yake kammala wannan zirga-zirga, balle wanda sai an ɗauke shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba sai mun je Afirka ta Kudu, inda ake biyan irin wannan kuɗi duk wata bayan gwajin likita, za mu ga misali ba. Maƙwabciyarmu Jigawa ta fara tun 2007, zamanin Sule Lamiɗo: naira 7,000 a wata ga nakasassun da aka tantance. Kuɗin bai isa kowa ba, amma haƙƙi ne da aka rubuta a doka. Mu kuwa a Kano haramta bara muka fi ƙwarewa a kai.

Tantancewa ba ta da wuyar da ake faɗa. Mai unguwa da dagaci sun san gidan da aka kwanta. Sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu ɗaya-ɗaya. A bar likitan babban asibitin ƙaramar hukuma ya duba ya sa hannu a nan gida, kada a ce sai mutumin Doguwa ya keta dajin Falgore ya kwana a birni don takarda guda. Sunayen kuma a liƙa su a sakatariya kowa ya gani, don kada jerin ya zama na yaran kansila. 'Yan majalisar jiha na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su ne ya kamata su kai ƙudurin doka irin ta Jigawa, kafin a rufe kasafin baɗi.