Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kebbi: A Binciki Tsofaffin Tankokin Mai Na Ƙasar Yauri

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Na rubuto ne kan wani abu da ke binne a ƙarƙashin ƙasa, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ya yi ɓarna.

Duk wanda ya bi babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko zai ga gidajen mai, wasu na aiki, wasu an rufe su, ciyawa ta cinye. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙananan 'yan kasuwa da dama a faɗin ƙasar nan suka kulle gidajen mansu. Sai dai wanda ya kulle gidan mai famfo yake cirewa ya tafi. Tankin ƙarfen yana nan a binne, da ragowar mai a cikinsa, tsatsa na cinsa. Ran da ya ɓule, ba mai ji, ba mai gani.

Fetur bai kai ruwa nauyi ba. Idan ya tsiyaya, sai ya gangara har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kwanta a samansa, wani ɓangare ya narke ya bi jijiyar ruwa zuwa rijiyoyin maƙwabta. Mu da ke bakin Tafkin Kainji lamarinmu ya fi tsanani. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwan tafkin ke cika yana janyewa kowace shekara, ruwan ƙasar da ke gaɓa kuma yana binsa sama da ƙasa. Wannan hawa da sauka shi ke shafa man a jikin ƙasa, har ya ci gaba da gurɓata ruwa shekaru bayan tankin ya bushe.

Mafi haɗari a cikin fetur shi ne sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha. A wannan mizani hanci ba ya jin warinsa, sa alif ko tacewa da ƙyalle kuma ba sa fitar da shi. Kafin uwargida ta ce randarta na warin mai, an daɗe ana sha.

Wasu sun riga mu ɗanɗanawa. A unguwar Baruwa ta Legas, man da ya tsiyaya daga bututu tun shekarun 1990 ya sa jama'a suka haƙura da rijiyoyinsu. A 2011, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya gano rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900. Amurka kuwa, da ta kafa doka kan tankokin ƙarƙashin ƙasa a 1984 ta shiga bincike, ta tabbatar da tsiyaya sama da 500,000. Wanda ya duba shi ke gani.

Ranka ya daɗe, na san lasisin gidan mai a hannun hukumar NMDPRA ta tarayya yake, malalar mai kuma aikin NOSDRA ne. Amma ƙasa da lafiyar masu shan ruwan amana ce a wuyanka. Roƙona ke nan: Ma'aikatar Muhalli ta haɗa kai da masarautar Yauri a ƙirga kowane tanki, mai aiki da wanda aka yasar, a Yauri da Ngaski da Shanga. Dagatai da masu unguwanni sun san inda aka taɓa sayar da mai, ko da yau shago ne a wurin. A haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji kewaye da tsofaffin tankokin, musamman ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa tafkin, a ɗebi samfuri sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar rani. A gwada rijiyoyin gidaje da burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke ɗiba a kusa, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Tankin da aka daina amfani da shi, a tilasta wa mai shi ya zuƙe, ya tono, ya kwashe gurɓatacciyar ƙasar da kuɗinsa. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa domin al'ummomin yankunan madatsu irin namu, ta cancanci a nemi gudummawarta.

Tun ran gini, ran zane. Kuɗin gwajin rijiya ba su kai na jinyar mutum ɗaya mai sankara ba, balle na wanke ruwan gari guda. Muna fatan ganin wannan aiki a kasafin kuɗin baɗi.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Yelwan Yauri