Tiyar kasuwa da tiyar zuciya

Ya kai mai karatu, gardama ta tashi a ajinmu na yaƙi da jahilci a Tamaske. Wani dattijo ya ce mai salla ba ya cuta, don haka rubuta bashi zargin ɗan'uwa musulmi ne. Wani saurayi da ya dawo daga cin rani ya ce hankali kaɗai ya isa ya hana mutum mugun aiki. Ni dai ban yarda da ko ɗayansu ba.

Mu fara da saurayin. Dubi mai hatsin da ke ba ka tiya 10 ta gero a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, ya karɓi tiya 20 da kaka. Wa ya fi shi hankali? Ya san lissafi, ya san yunwarka. Dubi mai zuba ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu, ya rufe da mai kyau. Ya san motar za ta kai Abijan kafin a kwance buhun. Hankalinsa ya gaya masa ba mai kama shi. Inda ido ba ya kai, tsoron Allah ne ke riƙe hannu.

To, amma dattijo, kai ma ka yi haƙuri. Wanda ya fi kowa tsawon carbi yana iya ajiye tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 83, da ta buɗe da kashedi ga masu tauye mudu. Ayar da ta fi kowace tsawo, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi, a kafa shaidu. Ashe rubutu ba zargi ba ne. Kuma ko almajiri ya sani, salla da azumi ba su hau kan wanda ba shi da hankali ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta a 1754, nan cikin jiharmu ta Tawa, ya yi faɗa da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Ga ra'ayina. Addini ne saiwar halin kirki. Amma addinin da kansa ya aike ka wajen hankali, ya ce ka auna, ka ƙirga, ka rubuta. Wanda ya hana ka koyon lissafi da sunan addini, tambayi kanka ribar wa yake karewa.

Bana, in za ka ci bashin gero, zo da littafinka. Rubuta tiya nawa, da ranar biya, gaban mutum biyu. Tiya 10 ka karɓa, tiya 10 za ka mayar. In kai ne mai bayarwa, auna da tiyar da kake so a auna maka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.