Wa zai wanke kwamin shayarwa?

Ƴan'uwa makiyaya, an ce mana kwamin ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya son wahala. To, gansakuka ba ruwanta da irin ƙarfe. Rana take so, da kwantaccen ruwa, da kashin dabbobin da ke faɗawa ciki, kuma duk suna nan a tashoshin famfo, balle da bazara. Saniya ta sansana ta kau da kai, mu kuwa mun riga mun biya kuɗin ruwa. Akwai ma wata iri mai shuɗi-shuɗi da kan kashe dabba.

Maganin ba tsada. Kowane mako a zubar da ruwan kwami da na magudana, a goge da burushin roba, a bar rana ta busar. Kada a sa burushin waya: yana karce ƙarfen, a karcen nan gansakuka ke kamawa. Ruwan jabel kuma, in ya jima ciki, cin ƙarfen yake.

Muna kira ga kwamitocin ruwa su ware ladan mai wanki daga kuɗin da muke biya, su daina jiran yaranmu da suka kwana bisa hanya da garke.