Kafin a Rushe Tsohon Gida, a Rubuta Tarihinsa

Sanin kowa ne cewa a garuruwa irin su Mahuta, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, gidajen ƙasa na gado sai ƙara ɓacewa suke yi. Da zarar an raba gado, sai a rushe zaure da shigifa, a tayar da ginin bulo. Ba laifi ba ne mutum ya gyara muhallinsa. Abin takaici shi ne a baje gidan da ya ga kakanni huɗu, ba tare da an rubuta ko da sunan wanda ya aza tubalinsa na farko ba.

Manyan gidaje sun yi dace da marubuta. An san Gidan Korau na Katsina da Gidan Makama na Kano. An kuma san Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Gidan manomin auduga kuwa ba shi da kundi sai ƙwaƙwalwar tsofaffi, alhali kowace shekara ana rasa su.

Wannan aiki ne da ɗalibin sakandare zai iya. Da farko sai ya jera sunayen masu gidan, daga na yanzu ya koma baya, ya nuna ko ta gado gidan ya zo hannun kowanne ko ta ciniki. Dattawa ba sa riƙe shekara, amma suna riƙe abin da ya auku. Idan aka ce an haƙa rijiyar gida bayan babbar yunwa, ana iya duba ko ta 1914 ce ko ta farin 1973. Idan aka ce wane ya yi aikin dogo, an san layin da ya bi ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Gidan da aka saya da fam da sule kuwa, cinikinsa ya riga zuwan naira a 1973.

Daga nan sai a gwada maganar baki da shaidar ido, domin ginin ma shaida ne. Alal misali, itacen bedi, wato dogonyaro, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, kuma sai wajen 1928 aka shigo da shi Nijeriya ta Borno. Saboda haka duk wanda ya ce tun zamanin jihadi bedin ƙofar gidansu ke tsaye, ya yi kuskure. Haka nan tsofaffin magina kan yi rufi da azarar giginya don ba ta saurin cin gara, su shafe bango da makuba daga kwasfar ɗorawa. Inda aka tarar da katako da siminti a maimakonsu, alama ce ta gyaran baya-bayan nan.

Wani zai ce ai kimiyya na iya auna shekarun itace. Gaskiya ne, amma da iyaka. Giginya ba ta yin zoben shekara a cikin gangarta, balle a ƙirga. Awon sinadarin kabon-14, wanda Willard Libby ya gano a wajen 1949, ba ya tantance shekaru sosai ga abin da bai wuce shekara 300 ba. Ashe ke nan babu na'urar da za ta maye gurbin kaka.

Amfanin aikin ya wuce nishaɗi. Shari'ar gado da ta iyaka kan raba zumunci idan shaidu sun ƙare. Bugu da ƙari, ɗalibi zai koyi tushen kimiyya: tara bayani, kwatanta majiya biyu, da barin abin da hujja ta ƙaryata.

Ya kamata malaman kimiyya da na tarihi su haɗa kai su ba da wannan aiki a lokacin hutu. Littafin rubutu ɗaya da haƙurin sauraro sun isa. Icen da za a dafa kai da shi, tun da rana ake nemo shi.