Ƙasar Ailan da Baƙinta

Duk cikin ƙasashen Turai, da wuya a sami wadda ta san zafin ƙaura kamar Ailan. Yunwar da ta faɗa mata daga 1845 ta halaka mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamarsu kuma suka haye teku. Can Amurka da Ingila aka riƙa yi musu kallon raini, ana hana su aiki da ɗakin haya. Yau ga shi reshe ya juye da mujiya: ƙidayar 1 ga 5 ke nan, watau bisa lissafin 2022 mutum ɗaya cikin biyar na mazaunan ƙasar a waje aka haife shi.

Lalle akwai abin yabo. A 2007 Rotimi Adebari, mutumin Nijeriya, ya zama magajin garin Portlaoise. A 2017 kuwa Leo Varadkar, wanda ubansa Ba'indiye ne, ya zama Firayim Minista. Amma tun 2004 jama'a sun jefa ƙuri'a, wajen kashi 79 cikin ɗari, suka soke haƙƙin zama ɗan ƙasa ta haihuwa kaɗai. Ran 23 ga Nuwamba 2023 kuma aka ƙona motoci a Dabilin, ana ihu a kan baƙi, alhali cikin waɗanda suka tare mai wuƙar da ya jawo fitinar har da wani baƙo daga Barazil.

Tushen abin kuwa cikin gida yake. A shekarun 1950 da 1960 samarin Afirka da yawa sun je Dabilin karatun likita da shari'a. Wasu suka haihu da 'yan matan ƙasar. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, iyayenta kan miƙa ta gidajen da aka tanada don ɓoye irin wannan abin kunya, galibi a hannun matan coci. In jaririn ya zo baƙi, kunyar ta zama biyu. Waɗanda suka tashi a can sun ba da shaida cewa ba safai ake samun mai ɗaukarsu riƙo ba, sai su girma daga wannan gidan marayu zuwa wancan, ba su san sunan uba ba, balle garinsu.

Hukumar binciken da ta ba da rahoto a Janairu 2021 ta ƙirga yara wajen 9,000 da suka mutu a gidaje 18. Ta ɗora yawancin laifin a kan ubannin yaran da dangin uwayen. Akwai gaskiya a nan, amma ba duka ba, gama dangi ba su gina gidajen ba, ba su ne kuma masu duba su ba. Firayim Minista Micheál Martin ya nemi gafara a majalisa cikin watan nan.

Neman gafara bai ƙare magana ba. Tsarin diyyar da aka buɗe a 2024 ya ware duk yaron da bai cika wata shida a gidajen ba, sai ka ce rabuwa da uwa da kwanaki ake auna ta. Wajibi ne gwamnatin Ailan ta janye wannan sharaɗi tun masu haƙƙin suna da rai, don da yawansu sun haye shekara sittin.